Harsa: Daga Masaƙar Bangal Zuwa Fadar Keffi

Akwai kalmomin da ba mutuwar farat ɗaya suke yi ba, sai dai su riƙa ja da baya sannu a hankali, daga kasuwa su koma zaure, daga zaure su koma bakin tsofaffi, har a wayi gari ba inda za a same su sai cikin ƙamus. Kalmar harsa tana kan wannan hanya. Idan aka tara ɗaliban da ke nazarin Hausa a yau aka tambaye su mene ne boyel, ko leshi, ko shadda, babu wanda zai yi inda-inda. Amma da zarar an ce harsa, da yawa daga cikinsu za su zaci harshe aka so faɗa aka yi tuntuɓen baki. Alhali kuwa shekaru ɗari da suka wuce babu alƙali ko limami ko hakimi a ƙasar Hausa da bai san harsa ba, domin ita ce a bisa kansa.

Abin da muke son yi a wannan maƙala shi ne mu bi sawun kalmar, mu ga abin da take nufi, da inda ta fito, da yadda aka yi ta iso mana. Za mu yada zango a Keffi, saboda a ƙarni na 19 garin yana daidai inda hanyoyi biyu na fataucin tufa suka yi karo, wato hanyar hamada da hanyar kogi, kuma tarihin harsa ba ya fahimtuwa sai an dubi hanyoyin nan biyu tare.

Ma'anar kalmar

Harsa farin yadi ne na auduga zalla, marar nauyi, mai laushi, mai shara-shara, wanda idan aka ɗaga shi sama ana iya hango hasken rana ta cikinsa. Kalmar jinsin mace ce, shi ya sa ake cewa farar harsa, ko harsa ce. Bargery ya kawo ta a cikin ƙamusunsa na 1934, ya kuma danganta ta da rawani. Wannan dangantaka ta yi ƙarfi ƙwarai, har sunan yadin ya rikiɗe ya zama sunan rawanin kansa. Idan aka ce wane ya fito da harsa, ko ya naɗa harsa, ba sai an ambaci rawani ba, mai sauraro ya riga ya gane. Irin wannan ne ya faru da ɗan Kura, baƙin rawanin nan mai walƙiya, wanda sunan garin da ake rina shi ya zama sunansa.

Bahaushen da, wanda ya tashi cikin saƙa da rini da fatauci, ba ya tsayawa ga cewa farin yadi kawai, kamar yadda makiyayi ba ya tsayawa ga cewa saniya. Kowane fari da sunansa, da kuɗinsa, da inda ya dace da shi. Akoko shi ne mai kauri wanda ba a wanke shi ya yi fari tas ba, abin rufin asirin talaka. Alawayyo ya fi shi haske da santsi, ana ɗinka riga da wando da shi, ana kuma yin likkafani. Akwai mahamudi, shi ma farin yadi ne na shigowa. Akwai kuma zugu, saƙar gida, wanda ake naɗewa a ajiye don gaisuwar manya ko don ranar da ba makawa. A cikin dukkan waɗannan, harsa ce kaɗai aka ware wa kai.

Dalilin haka a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli yadda ake naɗi. Rawanin girma kamu da yawa yake ci. Ana zagaya kai da shi sau da dama, a sauko da shi ta ƙarƙashin haɓa, a bar amawali da zai rufe baki, idan kuma mai shi jinin sarauta ne a fitar masa da kunnuwa biyu a sama. Da za a yi wannan da akoko, da mutum bai kai azahar ba wuyansa ya sage, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Harsa kuwa tana ba da girman gani ba tare da nauyi ba. Iska tana ratsa ta, mai amawali yana numfashi yana magana ta bayanta, kuma tana bin hannun mai naɗi duk yadda ya murɗa ta. Ashe shara-sharar da za ta zama aibi ga riga ita ce martabar rawani.

Shi kuwa rawani, bai kamata a ɗauke shi a matsayin ado kawai ba. A ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta fara yawa a Degel, Sarkin Gobir Nafata ya kafa wasu dokoki don ya karya lagonta, kuma daga cikinsu akwai hana maza naɗa rawani da hana mata lulluɓi. Sarki ba ya kafa doka a kan abin da ba shi da muhimmanci. Nafata ya gane cewa rawani tuta ce da mutum yake yawo da ita a kansa. Bayan jihadin da ya fara a 1804, masu rawunan nan su ne suka zama sarakuna da alƙalai da limamai, kuma da yake farin tufafi abin so ne a Musulunci, siliki zalla kuma an hana maza, sai farin yadin auduga mai kyau ya sami kasuwar da bai taɓa samu ba. Har yau idan an ba mutum sarauta cewa ake yi an naɗa shi, idan an raba shi da ita a ce an tuɓe masa rawani, mai fankama ba dalili kuma a tuna masa cewa girman kai rawanin tsiya ne.

Daga ina kalmar ta fito?

A ganinmu, sai an tsallaka teku kafin a sami amsar wannan tambaya. A ƙarshen ƙarni na 16, Abul Fadli, wazirin Sarkin Indiya Akbar wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya rubuta littafin Ain-i-Akbari a kan tsarin daular ubangidansa. A ciki ya jera sunayen yadudduka na auduga da ake saƙawa a ƙasar tare da farashinsu. A cikin jerin akwai khasa, akwai malmal, akwai bafta, akwai kuma mahmudi. Na ƙarshen nan ba ya bukatar dogon bayani, domin shi ne mahamudin kasuwanninmu, wasali ɗaya kawai Bahaushe ya ƙara masa don ya zauna daidai a bakinsa. Khasa kuwa yadi ne mai shara-shara na ƙasar Bangal, wanda yankin Sonargaon da ke kusa da Daka ya shahara da shi. Asalin sunan Larabci ne, khassa, wato abin da aka keɓe, na manya, kishiyar na gama-gari.

To, yaya khassa za ta koma harsa? Harafin farko ba shi da wahala. Duk inda Balarabe ya furta wannan sauti na maƙogwaro, Bahaushe h yake mayar da shi, kamar yadda muke gani a Alhamis, da alheri, da halifa, da huɗuba, da husuma. Saura r ɗin tsakiya. A nan ma Hausa tana da tsohuwar al'ada ta mayar da s da z da t da ɗ zuwa r idan suka zo a ƙarshen gaɓa. Daga fasa muke samun farfasa, daga maza-maza muke samun marmaza, daga fita firfita, daga kaɗa karkaɗa, kuma tilon fatake shi ne farke. Saboda haka bakin da ya saba da wannan, idan aka ba shi has-sa, ba abin mamaki ba ne ya mayar da ita har-sa. Sauti ya dace, ma'ana ta dace, ga kuma mahamudi ɗan'uwan tafiyarta yana ba da shaida. Wannan shi ne dalilinmu na ganin cewa harsa da khasa kalma ɗaya ce da ta yi doguwar tafiya.

Yadin da ke ɗauke da wannan suna a Bangal abin al'ajabi ne a zamaninsa. Ana yin mafi kyawunsa da wata irin auduga mai suna phuti karpas, wadda take fitowa a gaɓar kogin Meghna kusa da Daka. Mata ne ke kaɗin zaren da hannu, galibi da sassafe lokacin da akwai laima a iska, domin idan rana ta take zaren tsinkewa yake yi saboda tsananin sirantarsa. Masaƙan ƙasar sun raɗa wa nau'o'insa sunaye masu kama da kirari: wani suka ce da shi ruwa mai gudu, wani raɓar maraice, wani kuma saƙaƙƙiyar iska. Larabawa suna kiran irin wannan yadi shash, Turawa kuma suka laƙaba masa sunan birnin Mausil na Iraƙi, inda suka fara jin labarinsa. Daga Bangal jiragen ruwa ke kai shi Jidda da sauran tashoshin Bahar Maliya, daga nan ya wuce Alƙahira. Daga Masar da Tarabulus raƙuma ke ɗaukarsa su bi ta Gadamas da Gat da Agadas da Damagaram, har ya sauka a Katsina ko a kasuwar Kurmi ta Kano, a hannun fataken Larabawa waɗanda a wancan zamani su ake kira Turawa. Alhazai ma sukan ƙullo kaɗan a cikin tsarabarsu.

A nan ya wajaba mu yi wata 'yar togaciya, kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙasar Hausa ta sayi harsa ne don ba ta iya saƙa ba. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma abin da ke zuwa Tumbutu kaɗai ya kai kayan raƙuma 300. Matan da ke shiɓa da kaɗi sun san bambancin abawa da arafiya, kuma sawayen da ake haɗa ɗan Kura da su sirara ne ƙwarai, masu shara-shara, har Buzaye ba su da abin da suke daraja kamarsa. Wato dai raƙumin da ya kawo farin rawani daga arewa, baƙin rawani yake komawa da shi. Abin da harsa ta fi saƙar gida da shi shi ne faɗi da fari da kuma kasancewarta baƙuwa, domin babba ko da yaushe yana son a ga abin nesa a jikinsa.

Keffi, mahaɗar hanyoyi biyu

Yanzu bari mu gangara kudu. Abdu Zanga, Bafillace daga ƙasar Katsina, shi ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, kuma sunan garin daga kafi ya samo asali, wato shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi don tsaro. Masarautar ta kasance ƙarƙashin Zazzau, kamar Jama'a da kuma Nasarawa, wadda Umaru Makama Dogo ya kafa bayan ya bar Keffi. Ma'anar wannan biyayya ita ce, daga Zariya ake tabbatar da sarki, can ake kai gaisuwa, daga can kuma riga da alkyabba da rawani suke zuwa a matsayin alamar yarda. Sarkin Keffi shi ma haka yake yi wa na ƙasa da shi. Shugaban Gwandara ko na Gade ko na Yeskwa da ya karɓi riga da rawani daga fada, ya san ba kyauta ce kawai ya karɓa ba, alkawari ne ya rataya a wuyansa. A gari irin wannan, wanda yake bakin iyakar daula, kewaye da al'ummomin da ba su da al'adar naɗi, farin rawani ya fi yin magana da ƙarfi fiye da yadda yake yi a Kano ko Katsina, inda masu shi suke da yawa.

Ban da sarauta, Keffi zangon fatake ce. Ayarin da ya taso daga Kano ya bi ta Zariya yana nufin kogin Binuwai, a nan yake sauke kaya kafin ya ƙarasa Nasarawa da Loko. Bajamushe Gerhard Rohlfs, wanda ya keto hamada daga Tarabulus zuwa Kukawa, ya biyo ta Bauchi ya iso garin a farkon 1867, ya kuma rubuta sunansa haɗe da na wanda ya kafa shi, wato Keffin Abdu Zanga. Abin da ya ja hankalinsa a kasuwar shi ne, kayan da suka keto hamada daga arewa suna haɗuwa da waɗanda suka hauro ta kogi daga bakin teku. A lokacin Turawan Ingila sun riga sun zauna a Lakwaja, jiragensu masu hayaƙi suna hawa Kwara da damina. Bayan shekaru 18, a 1885, wasu Jamusawan biyu, Paul Staudinger da Ernst Hartert, suka taso daga Loko suka bi ta Keffi a kan hanyarsu ta kai wa Sarkin Musulmi kyautar Sarkin Jamus. Guzurinsu yawanci tufa ne, domin da ita ake biyan 'yan dako, ita ake sayarwa a sami wuri na cefane, ita kuma ake miƙa wa sarki a kowane zango. Yadi a wancan zamani kuɗi ne da ake iya sawa a jiki.

Ba za mu wuce nan ba sai mun faɗi abin da ake biyan wannan yadi da shi, ko da kuwa babu daɗin ji. Hauren giwa da ke fitowa daga Adamawa da kwarin Binuwai yana cikin manyan hajojin Keffi. Ɗaya babbar hajar kuwa mutane ne. Hare-haren da ake kai wa ƙauyukan kewaye suna samar da bayi, waɗansu a tura Zariya cikin gaisuwar shekara, waɗansu a sayar a sayi dawaki da bindigogi da tufafi. Kakannin da yawa daga cikin waɗanda ke zaune aji ɗaya a jami'ar Keffi a yau suna ɓangarori biyu na wannan ciniki, waɗansu masu naɗi, waɗansu kuma kuɗin naɗin. Mai nazarin kalma ba shi da ikon ya ɗauki farin harsa ya bar wannan.

Sai dai akwai wani abin da ya faru da yadin kansa tun kafin ya iso Keffi, wanda masu naɗa shi ba lalle ne sun sani ba. A shekarar 1757 Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya ci Bangal da yaƙi, a 1765 ya karɓi ikon tara harajinta, ya kuma ƙuntata wa masaƙa da tilasta musu sayar masa a farashin da ya ga dama. A can Ingila kuma, a 1779, Samuel Crompton ya ƙera injin kaɗi da ke iya fitar da siririn zare mai ƙwari, abin da a da sai yatsun matan Bangal. Ba a daɗe ba masaƙun yankin Mancesta da na Gilasgo suka fara fitar da yadi mai shara-shara da araha, aka kuma ɗora wa na Indiya haraji mai nauyi a kasuwar Ingila. Kafin tsakiyar ƙarni na 19 sana'ar Daka ta durƙushe, audugar da ake yin ta da ita ma aka daina nomawa. Masu masaƙun Ingila kuwa 'yan kasuwa ne, sun san mai saye suna yake tambaya, don haka suka ci gaba da sayar da kwaikwayonsu da sunayen Indiya. Barth ya tarar da yadin Mancesta a Kano tun 1851, kuma ta hamada ya zo, bayan jirgin ruwa ya sauke shi a Tarabulus.

Idan haka ne, harsar da ke kan alƙalin Keffi a zamanin da Staudinger ya wuce ta fi kusa da zama saƙar inji ta Ingila fiye da saƙar hannu ta Bangal, ko ta arewa ta zo ko ta kudu. Bambancin hanyoyin biyu a farashi yake. Bandirin da ya yi watanni a bayan raƙumi, aka biya masa kuɗin rakiya a Gat da Agadas, aka biya fito a kowace ƙofa, ba zai iya gasa da wanda jirgi ya ajiye a Loko ba, tafiyar 'yan kwanaki daga Keffi. Sunan ya zo da ayarin hamada, amma kogi ne ya sa yadin ya wadata, har ƙaramin malami da madugu suka iya mallakar abin da sunansa ke nufin na manya.

Kogin da ya kawo yadi shi ya kawo masu yadin. A 1886 kamfanin Ingila da ke ciniki a Kwara da Binuwai ya sami takardar izinin mulki, a 1900 gwamnatin Ingila ta karɓe daga hannunsa. A watan Oktoba na 1902, Kyaftin Moloney, Razdan na lardin Nasarawa, ya je ƙofar fadar Keffi ya nemi Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Zazzau kuma mai ƙarfin faɗa a ji a garin, ya fito ya miƙa wuya ya daina kai hari. Maganar ta ɓaci, Magaji ya kashe Moloney, ya hau doki ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya riƙe wannan a matsayin hujja, Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, Magaji kuma ya bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda aka yi karon ƙarshe a watan Yuli. Daga nan naɗi bai daina ba, amma ya zamana sai da amincewar Razdan, kuma aka haɗa wa rawani sandar girma ta Bature.

Hanyoyin biyu ma ba su daɗe ba bayan wannan. A 1911 dogo ya isa Kano, a shekarar nan kuma Italiya ta auka wa Tarabulus, ayarin hamada ya zama labari. Layin dogo na gabas da aka kammala a 1927 ya bi ta Makurɗi da Lafiya da Gudi zuwa Kafanchan, ya bar Keffi da Loko a gefe. Farin yadi ya koma fitowa daga kantunan Turawa irin su John Holt da UAC. Da Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe masaƙar Kaduna a 1957 tare da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, akoko ta fara fitarwa, domin shi jama'a suka fi bukata. Wannan masaƙa ta rufe a 2002.

Yadda kalmar ta ƙuntata

Abin da ya raunana kalmar harsa ba ƙarancin yadi ba ne, canjin abin da ake sawa a kai ne. A da, duk namijin da ya isa, ya yi karatu ko ya yi dukiya, yana iya naɗi idan zai fita taro. Da makarantun boko suka yaɗu, ciki har da kwalejin gwamnati ta Keffi da aka kafa a 1949, sai aka sami sababbin manya waɗanda girmansu daga ofis yake, ba daga fada ko zaure ba, kuma hula ta ishe su, ko dara ko kube ko zanna. Rawani ya koma na masu sarauta da limamai da 'yan hawan salla. Da masu saye suka ragu, sai masu bukatar sanin sunan suka ragu. A ɓangaren mata kuma, inda yadi mai shara-shara ya sami sabuwar kasuwa a gyale da mayafi, bai shigo da tsohon sunan ba, da sunayen kanti ya shigo, irin su boyel.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, tun da harshe kullum cikin zubar da tsohon ganye yake? Amsarmu ita ce, damuwar ta mai karatu ce. Akwai wasiƙun sarakuna na ajami da na Larabci, akwai littattafan kotunan alƙalai inda ake jera kayan mamaci ɗaya bayan ɗaya don rabon gado, akwai waƙoƙin fada da na malamai, akwai labaran fatake da aka rubuta a farkon zuwan Turawa. A cikin irin waɗannan, idan aka ce an ba wane harsa, an ba wane kuma rawanin akoko, an faɗi matsayin kowannensu a wurin sarki ba tare da an ƙara kalma ba. Ɗalibin da ya fassara duka biyun da rawani kawai ya karanta haruffa, amma saƙon ya wuce shi. Haka kuma wanda bai san mahamudi da harsa sunayen Indiya ba ne, zai ci gaba da ɗauka cewa hulɗar ƙasar Hausa da duniya ta fara ne ranar da Bature ya sauka a Lakwaja.

Abin sha'awa shi ne, mutanen Bangal sun yi tasu asarar ta wata fuskar. Su sunayen ba su ɓace musu ba, suna nan a littattafai da bakin jama'a, yadin ne da audugarsa suka ɓace. A 2013 hukumar UNESCO ta sa saƙar jamdani, wadda ita ce reshen sana'ar da ya tsira, cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Bayan haka masu bincike a Bangaladash suka shiga neman tsohuwar audugar a gaɓar koguna, suna gwada abin da suka samu da busassun ganyaye da tsofaffin ƙyallaye da aka adana a gidajen tarihi na Ingila, suka kuma sake koya wa masu kaɗi da masaƙa yadda ake sarrafa siririn zare, har suka fitar da yadi mai kama da na da.

A Keffi kuwa rawanin yana nan. Duk wanda ya halarci hawan salla a ƙofar fadar Sarki Shehu Chindo Yamusa na III, wanda ya gaji mahaifinsa a 2015, zai ga fararen rawuna jere, waɗansu an haɗa su da baƙi, waɗansu da kunnuwa, waɗansu babu. Waɗanda suka fi riƙe da sunan a yau su ne fadawan da aikinsu ke nan naɗa wa manya, da tsofaffin maɗinka, da dillalan kayan sarauta, kuma a wurinsu ne ɗalibin da ke neman abin rubuta kundin digiri zai ji yadda ake bambanta harsa ta ƙwarai da mai gamin zaren roba, wadda take da sheƙi amma take zamewa a hannu, take kuma riƙe zafi. Farin yadin da ke kasuwanninmu yanzu yawancinsa daga masaƙun Sin da Indiya yake fitowa, jirgin ruwa ya sauke shi a bakin teku, manyan motoci su kai shi Kantin Kwari a Kano, daga nan 'yan kasuwa su saro shi su gangaro da shi kudu ta Zariya, kusan a kan sawun da ayarin fatake ke bi zuwa Keffi a zamanin Abdu Zanga.